Wayar fibar ta bi ta Bande, saura maganar farashin sari

A tsakiyar watan Nuwamban 2025 ne hukumomi a Yamai suka karɓi aikin shimfiɗa wayar fibar optik da ake kira Dorsale Transsaharienne, karɓa ta wucin gadi kafin ta ƙarshe. Tsawon wayar kilomita 1,031 ne, a kan hanyoyi biyar: Arlit zuwa Assamaka har iyakar Aljeriya; Diffa zuwa N'Guigmi har iyakar Chadi; Yamai zuwa Dosso da Gaya har iyakar Benin; Yamai zuwa Makalondi har iyakar Burkina Faso; sai tamu, wadda ta taso daga Zinder ta bi Magaria har iyakar Najeriya. Babbar hanyar kwaltar da ta haɗa Damagaram da Magaria kuwa, kowa ya sani, ta Bande ta bi.

Aikin ya ci kusan Yuro miliyan 43, wato sama da miliyar 28 na kuɗin CFA, kuma Bankin Raya Afirka, BAD, shi ne ya ɗauki mafi yawan nauyin, tun da ya amince da shirin a ƙarshen 2016. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. To amma tambayar da ke yawo a bakin mutane ɗaya ce: tunda waya ta zo, yaushe rezo zai gyaru, yaushe forfe zai sauko? Amsar ba a cikin ramin da aka haƙa take ba. Tana cikin ƙa'idojin da hukumar ARCEP ke shimfiɗa wa wanda ke riƙe da wayar: wa zai sayar wa, a kan nawa, a ina, kuma da wane sharaɗi. A kan wannan ne za mu tsaya yau.

Mene ne fibar, kuma ina ruwan mai salula da ita?

Fibar zare ne na gilashi, siririnsa kamar gashin kai, ana haɗa da yawa cikin kabul ɗaya a binne cikin bututu a gefen hanya. Haske ne ke gudu a cikinsa ɗauke da murya da hoto da rubutu. Abin da zare ɗaya zai ɗauka ya ninka abin da sauran hanyoyin sadarwa ke ɗauka nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, ni da ƙaramar salula a Gouchi ko Dan Tchiao, ina ruwana da waya a ƙasa? Ai da ruwanka. Salularka da ƙarfen rezo take magana, wannan dogon ƙarfen da ke bayan gari. Shi kuma ƙarfen dole ya miƙa saƙon gaba, zuwa Zinder, zuwa Yamai, zuwa duniya. A karkara, galibin ƙarafan nan da iska suke miƙa wa juna saƙo, daga faranti zuwa faranti, kuma hanyar tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Shi ya sa da dare, idan kowa ya hau, sai ka ga 4G a rubuce a fuskar waya amma saƙon murya na WhatsApp ya tsaya yana juyi. Idan aka jona ƙarfen da fibar, ƙofar ta faɗaɗa.

Kamfanonin salula huɗu ne a ƙasar nan: Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms. Ba zai yiwu kowannensu ya haƙa nasa rami daga Zinder zuwa Tinkim ba. Kuɗin ya yi yawa, kuma ɓarna ce. Rami ɗaya ya isa kowa. Ke nan mai ramin ya zama ɗan sari, sauran su saya a hannunsa su sayar mana ɗai-ɗai. Mega ɗin da kake saya a shago, a cikin kuɗinsa akwai kason ɗan sarin nan, ko da ba ka taɓa ganinsa ba.

Ɗan sarin da shi ma yana da tabarma a kasuwa

Ga inda gizo ke saƙar. A Nijar, babban layin fibar na ƙasa yana hannun Niger Telecoms, kamfanin gwamnati da aka kafa a 2016 bayan haɗe SONITEL da SahelCom. Shi ne ya gaji layukan da SONITEL ta shimfiɗa. Kuma shi ɗin dai yana sayar da layin salula da intanet ga jama'a, yana gogayya da kamfanonin da ke buƙatar hayar wayarsa.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bande ko ta Magaria ya san wannan hali. A ce mutum ɗaya ne ke da rumbun gero a gari. Ya sayar maka da tiya jika guda a sari, shi kuma ya baza tabarmarsa kusa da taka yana auna wa mutane jika guda ba dala ashirin. Ta ina za ka ci riba? Kwana nawa za ka yi ka naɗe tabarma? Idan ka naɗe, shi kaɗai ya rage, kuma daga ranar farashi sai abin da ya ga dama.

Ba muna cewa haka ake yi ba. Muna cewa tsarin da kansa ya buɗe wannan ƙofa, a kowace ƙasa, ko kamfanin na gwamnati ne ko na ƴan kasuwa. Shi ya sa ƙasashen duniya ba sa barin maganar a hannun kyakkyawar niyya. Sai su naɗa sarkin kasuwa, mai duba tiya, mai raba gardama. A wurinmu shi ne ARCEP.

Hukumar tana da tarihi. A 1999 aka kafa ARM, wadda ke lura da fannoni da yawa a lokaci guda. A 2012 aka ware fannin sadarwa da gidan waya aka ba ARTP. A watan Yulin 2018 kuma aka yi sabuwar dokar sadarwa, mai lamba 2018-45, tare da dokar da ta kafa ARCEP a madadin ARTP. Ita ce ke raba zangon iska, ita ke auna ingancin aiki, ita ke hukunta kamfani idan ya gaza. Ba mu manta ba a 2023 ta ci tarar kamfanonin huɗu gaba ɗaya, kuɗin da ya haura miliyar huɗu, saboda rashin ingancin rezo. Wannan hukunci kowa ya ji labarinsa. Aikin da ba a cika jin labarinsa ba shi ne na kasuwar sari, alhali shi ne tushen.

Yadda hukuma ke shimfiɗa ƙa'ida

Matakin farko, hukuma ta duba kasuwa ta tantance wa ke da ƙarfin da zai iya juya farashi shi kaɗai. Wanda aka ayyana a matsayin mai rinjaye, ana ɗora masa nauyin da ba a ɗora wa sauran ba. Wannan ba hukunci ba ne, nauyin girma ne.

Na biyu, a tilasta masa buɗe ƙofa. Duk mai lasisi ko izini da ya zo neman haya, ba a kore shi sai da hujjar da hukuma za ta gamsu da ita. Hayar kuwa iri-iri ce. Akwai wanda zai sayi wani adadi na mega daga wannan gari zuwa wancan. Akwai wanda zai karɓi zaren da ba a kunna ba, ya sa nasa injin ya haska shi da kansa. Akwai wanda gurbi kawai yake so a cikin bututu ya zura tasa wayar, ko wuri a ɗakin injina ya aje kayansa. Kowace irin haya tana buƙatar farashinta a rubuce.

Na uku, kundin farashi. Kamfani ya rubuta abin da yake sayarwa da kuɗinsa da sharuɗɗansa, ya miƙa wa ARCEP, ta duba, ta gyara, ta amince, sannan a wallafa. Da faransanci ana ce masa katalog na haɗa layuka. Amfaninsa shi ne ciniki ya fito daga ɗaki ya dawo fili. Ƙaramin ɗan kasuwa a Magaria ya ga farashin da babban kamfani a Yamai ya gani.

Na huɗu, farashi ya bi abin da aka kashe. Hukuma ta lissafa kuɗin gini, ta raba shi a kan shekarun da wayar za ta yi tana aiki, ta ƙara kuɗin gyara da albashi da kuran da man janareto, ta ɗora riba daidai gwargwado, ta raba a kan yawan abin da ake sa ran zai bi ta layin. Abin da ya fito shi ne rufin da ba a haurawa.

Na biyar, ba ɗan uwa ba bare. Farashin da ɗan sari ya sayar wa reshensa na salula, shi zai sayar wa abokin gogayyarsa. Lokacin da zai ɗauka ya jona nasa, shi zai ɗauka ya jona na wani. Don a iya tabbatar da haka sai an raba littafin kuɗi, na sari daban, na ɗai-ɗai daban. In ba haka ba, ribar sari za ta riƙa toshe asarar ɗai-ɗai ba wanda ya sani.

Na shida, alkawarin inganci. Idan waya ta katse tsakanin Bande da Magaria, awa nawa za a ɗauka a gyara? Idan an wuce wa'adin, me za a mayar wa mai haya? Farashi mai sauƙi a kan layin da ke kwana uku a mace ba sauƙi ba ne.

Na ƙarshe, raba gardama. Idan mai waya da mai haya sun kasa daidaitawa, su je gaban hukuma, ta yanke cikin lokaci. Shari'ar da ta ɗauki shekara, ƙaramin kamfani ya mutu kafin a gama ta.

Ba a nan kaɗai ake wannan fama ba

A Ingila, kamfanin BT ne ya gaji layukan gwamnati, kuma shi ma yana sayar wa jama'a. Kamfanoni suka yi ta kukan ana danne su. A 2006, bisa matsin hukumar Ofcom, aka ware sashen layuka aka sa masa suna Openreach, da sharaɗin ya yi wa kowa aiki daidai da yadda yake yi wa BT. Da aka ga hakan bai wadatar ba, a 2017 aka amince a mai da shi kamfani mai hukumar gudanarwarsa. An kuma tilasta masa barin wasu su zura wayarsu cikin bututunsa da kan turakunsa.

A Niyu Zilan sun wuce nan. A 2011 suka raba tsohon kamfanin Telecom gida biyu. Chorus ya ɗauki layuka, aka hana shi sayar wa jama'a kai tsaye, sari kawai. Tun daga farkon 2022, hukumar kula da gogayya ta ƙasar ce ke yanka masa iyakar kuɗin da zai tara daga fibar a shekara, tare da ma'aunin ingancin da dole ya cika.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta bi wata hanya. Hukumar NCC ta raba ƙasar shiyya bakwai, ta ba kamfani ɗaya a kowace shiyya lasisin shimfiɗa fibar ya sayar a sari ga kowa. MainOne ya samu na Legas a 2015, daga baya aka ba da na wasu shiyyoyi, har da Arewa maso Yamma, inda Kano da Katsina da Jigawa suke. Aikin bai yi saurin da aka yi tsammani ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kuɗin izinin haƙa gefen hanya da jihohi ke karɓa. An daidaita a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar abin da ya ninka haka; a 2020 ne wasu suka sauko, Kaduna ma ta soke kuɗin baki ɗaya.

Darasi biyu muka ɗauka. Na farko, rubuta doka daban, aiki da ita daban. Ingila da duk ƙarfin hukumarta sai da ta yi shekara goma sha ɗaya tana gyara. Na biyu, ba hukumar sadarwa kaɗai ke yanka farashi ba. Ƙaramar hukumar da ta tsawwala kuɗin haƙa, ita ma ta sa hannu a tsadar forfe. Wannan tunatarwa ce ga kantomominmu na Bande da Magaria da Dungass tun kafin masu neman jan reshe su fara sallama.

Mai waya ma yana da hujja

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Mai riƙe da wayar zai ce: ni ke biyan masu gadi da masu gyara, ni ke zuba mai a janareto idan kuran ya ɗauke, ni ke tashi da dare idan katafila ta tsinke kabul ko ruwan damina ya tone bututu. Idan kuka karya farashi ƙasa da abin da nake kashewa, shekara biyar wayar za ta zama kufai, kuma ba wanda zai ƙara zuba kuɗinsa ya ja sabon layi. Wannan magana gaskiya ce. Mun sha ganin famfon da aka yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu ya tsaya saboda ba a tanadi kuɗin gyara ba.

To amma ga tamu hujjar. Wannan waya ba da jarin wani ɗan kasuwa aka gina ta ba. Kuɗin banki ne na raya ƙasa, wani ɓangare rance, wani ɓangare tallafi, da gudummawar gwamnati. Rancen, talakan Nijar ne zai biya ta hanyar haraji. Tallafin kuwa kyauta ce da aka ba ƙasa. Idan aka zo lissafin farashi aka saka kuɗin ginin gaba ɗaya kamar kamfani ne ya ciro daga aljihunsa, aka kuma ɗora masa riba irin ta ɗan kasuwa, to talaka ya biya sau biyu: sau ɗaya a haraji, sau ɗaya a forfe. A ganinmu, abin da ya dace a caji mai haya shi ne kuɗin gudanarwa da gyara, da tanadin sabunta kaya, da kason biyan rance. Abin da aka samu kyauta, a bar sauƙinsa ya gangaro ga jama'a.

Akwai kuma lissafin da ƴan kasuwarmu suka sani sarai. Waya ba rake ba ce da za ta ƙare idan an sha. Ko kamfani ɗaya ya hau ko goma, kusan kuɗin kula da ita ɗaya ne. Farashi mai tsada zai bar ta fanko, kowane kamfani ya ci gaba da lallaɓa farantansa. Farashi mai sauƙi zai cika ta, kuɗin shiga ya ƙaru. Riba kaɗan a kan kaya da yawa ta fi riba mai yawa a kan kayan da ba mai saye.

Wucewa daban, tsayawa daban

Wannan shi ne abin da ya fi damunmu a nan. Garuruwa nawa ne babbar wayar kuran ta ratsa ta samansu, su kuwa suna kwana da tocila saboda ba a sa musu taransifoma ba? Fibar ma haka take. Ba a huda ta ko'ina kamar tiyo. Sai inda aka gina mahaɗa, da ɗakin injina da wuta, a nan ake iya jonawa. Idan mahaɗar tana Zinder sai kuma Magaria, to Bande ta zama gefen hanya, mota ta wuce ta bar mu da ƙura. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Saboda haka kundin farashi kaɗai bai isa ba. Dole ya zo da jerin wuraren jonawa, da kuɗin buɗe sabuwar mahaɗa idan wani ya nema. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen sassan Magaria da Dungass a haɗe sun haura dubu 900, komin ɗin Bande kaɗai ta haura dubu 100, kuma yau shekara goma sha uku da ɗoriya ke nan ana haihuwa. Wannan ba jeji ba ne. Yana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar nan. Kasuwa ce.

Sai maganar nisa. Idan aka ce farashin sari da kilomita ake auna shi daga Yamai, to mu da ke nesa mun shiga uku tun kafin a fara. Hukuma na da zaɓi: ta yanka farashi ɗaya ga dukan mahaɗun da ke kan babban layi, ko ta rage tazarar. Ɗan Wacha bai zaɓi nisansa da babban birni ba.

Dungass da Dogo-Dogo da Malawa da Gouchi kuwa ba ma a kan layin suke ba, haka Sassoumbroum da Yekoua da Kwaya. Su sai an ja musu reshe, kuma ɗan kasuwa ba zai ja ba sai ya ga riba. A nan ne asusun wadata kowa da sadarwa ya kamata ya shigo, wanda kamfanoni ke zuba wa wani kaso na cinikinsu. Sharaɗi ɗaya muke roƙo: duk reshen da aka ja da kuɗin wannan asusu, ya zama a buɗe ga kowane kamfani a kan farashi ɗaya. Kada kuɗin jama'a ya gina wa mutum ɗaya katanga.

Ƙofar Tinkim

Nijar ba ta da teku, intanet ɗin duniya kuwa mafi yawansa ta ƙarƙashin teku yake bi. Shekara da shekaru babbar ƙofarmu ita ce Kwatano ta hanyar Gaya. A 2009, da kabul ɗin SAT-3 ya samu matsala, Nijar na cikin ƙasashen da suka faɗa duhu. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma kabul huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasashen yankin nan da yawa suka ji a jikinsu, har da mu. Wanda ke da ƙofa ɗaya, ranar da ta toshe ya kwana a waje.

Layin Zinder zuwa Magaria wata ƙofa ce, mai kallon Kano da Legas, inda kabul da yawa suka sauka. Na Assamaka kuma yana kallon Aljeriya da tekun Bahar Rum. Amma waya ta kai iyaka ba ta nufin ta haɗu. Sai kamfanonin ɓangarorin biyu sun ƙulla yarjejeniya, ARCEP da NCC sun fahimci juna. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025, don haka irin wannan magana yanzu sai an zauna ƙasa da ƙasa. Mun ga a watan Nuwamban 2024 hukumomin sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a kan soke ƙarin kuɗin kira ga matafiya tsakanin ƙasashen AES. Ke nan idan an so, ana iyawa. Mu da kasuwarmu da aurenmu da jinyarmu ke haɗe da ƙetaren iyaka, muna da haƙƙin tambayar ina aka kwana a wannan ƙofa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a garuruwan bakin iyaka mutane da yawa layin Najeriya ne a wayarsu. Kowane kati da aka saya a can, haraji ne da ciniki da suka tsallake.

Starlink fa?

Wasu matasa na cewa a bar wahalar haƙa, tunda Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a watan Maris 2025, kuma ga masu wifi zone nan suna sayar da tikiti. Gaskiya ya toshe wata kafa, musamman inda ba layi. Ya kuma zama bulala ga ƴan kasuwar cikin gida, domin yanzu mai saye yana da wurin gudu. Amma faranti ɗaya unguwa yake ɗauka, ba ƙasa ba, kuma kuɗin wata-wata waje yake fita. Yaran nan masu wifi zone su ne ya kamata a ce gobe sun zama ƙananan kamfanonin intanet na Magaria da Bande, masu izini, suna sari daga fibar suna raba wa lakwal da gidan likita da ofishin komin da shagunan aika kuɗi irin su NITA da Amana. Hakan ba zai yiwu ba sai in kundin farashi ya tanadi ƙaramin awo. Idan mafi ƙanƙantar abin da ake sayarwa buhu ɗari ne, mai kuɗin tiya goma bai shiga kasuwa ba.

Abin da muke nema

Daga ARCEP, muna neman ta wallafa farashin sari na wannan layi a fili, da jerin mahaɗu gari da gari, da wa'adin gyara. Muna neman a raba littafin sari da na ɗai-ɗai na duk wanda ke riƙe da layin, a kuma bayyana yadda aka lissafa kason tallafi. Kafin a yanke, a saurari jama'a, ba kamfanoni kaɗai ba. A zo Damagaram a yi zaman, a yi bayani da Hausa. Gidajen rediyon karkara a shirye muke mu kai saƙon.

Daga kantomomi da sarakunanmu, muna neman su tambaya a rubuce ko akwai mahaɗa a garuruwansu, su tanadi fili, su sassauta kuɗin haƙa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye da na ƴan kasuwa su ma kada su jira sai forfe ya tashi sannan su yi kuka. A wurin yanka farashin sari ake yin kukan da ke da amfani.

Mu ma da namu nauyin. Masu ɗibar yashi da masu yin bulo a gefen hanya, masu gina shago, masu noma har bakin kwalta, a kula da alamomin da aka kafa. Babu tagulla a cikin fibar, gilashi ne, wanda ya tone ta bai samu abin sayarwa ba, sai dai ya katse wa gari guda hulɗa, har da mai jiran kuɗin magani daga ɗansa da ke ci-rani. Wanda ya ga ruwa ya tone bututu, ya sanar da mai gari.

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. An tona, an binne, wayar tana nan. Ko za ta zama famfon gari ko ta zama rijiyar gidan mutum ɗaya, takardun da za a sa wa hannu a Yamai ne za su nuna. Za mu ci gaba da bibiyar kundin farashin, kuma duk abin da ya fito za mu karanta muku shi a iska, lamba da lamba. Ku ma ku faɗa mana yadda rezo yake a garuruwanku, da wane lokaci yake yankewa, domin da irin wannan shaida ake tunkarar hukuma.